Tarihin Henry Cavendish, Masanin da Ya Kulle Rabin Ilminsa Cikin Akwati

Duk wanda ya ɗaga kai ya dubi falwayar da ke gefen titi zai ga wasu 'yan faya-fayen tangaran ko na gilashi waɗanda aka ɗaura wayar lantarki a jikinsu. Haka kuma wayar da ke shiga ofisoshi da ɗakunan karatu kullum a naɗe take da roba. Amfanin tangaran ɗin da robar ɗaya ne, watau su tare lantarki kada ya bar hanyarsa ya bi ta ƙarfe ko ta jikin mutum. Sanin halin waɗannan abubuwa masu tare lantarki fanni ne babba cikin ilmin kimiyya, kuma littattafan makaranta sukan jingina asalinsa ga Michael Faraday, wanda ya bayyana shi cikin shekarar 1837. Amma akwai wani Bature, shi ma mutumin Ingila, wanda ya riga shi aunawa da fiye da shekara 60, ya rubuta abin da ya gani, sa'an nan ya naɗe takardun ya ajiye bai nuna wa duniya ba. Sunansa Henry Cavendish. Ya kamata kowane ɗalibi da kowane ma'aikaci ya san tarihinsa, domin aikinsa ya kasu kashi biyu. Abin da ya yarda aka buga ya ci gaba da amfanin mutane har bayan shekara 100, abin da ya ɓoye kuwa sai da wasu suka sake shan wahalar gano shi tun daga tushe.

Asalinsa da Ƙuruciyarsa

An haifi Henry Cavendish ran 10 ga watan Oktoba na shekarar 1731 a birnin Nis, wanda yanzu yake cikin ƙasar Faransa, inda iyayensa suke zaune a lokacin. Ta kowane gefe jinin sarauta ne. Kakansa na wajen uba shi ne Basaraken Debonsha na biyu, kakansa na wajen uwa kuma Basaraken Kent, waɗanda duk suna cikin manyan gidajen sarautar Ingila. Mahaifiyarsa ta rasu cikin shekarar 1733, jim kaɗan bayan ta haifi ƙanensa Frederick, saboda haka ya tashi a hannun mahaifinsa, Charles Cavendish.

Shi wannan mahaifi nasa ba sarauta kaɗai ya dogara da ita ba, mutum ne mai sha'awar bincike, kuma wakili ne a babbar majalisar masana kimiyya ta Landan, wadda ake kira Royal Society. Cikin shekarar 1757 majalisar ta ba shi lambar yabo ta Copley saboda wasu ma'aunan zafi da ya ƙera. Ashe ke nan barewa ba ta yi gudu ɗanta ya yi rarrafe ba. Henry ya shiga wata makaranta a Hakni, kusa da Landan, yana da shekara 11. Daga nan ya wuce Jami'ar Kambirij, ya yi 'yan shekaru, ya fito ba tare da ya karɓi digiri ba, abin da ba baƙo ba ne ga 'ya'yan sarakuna a wancan zamani. Da ya koma gidan mahaifinsa a Landan sai ya mai da wani sashe na gidan ɗakin gwaje-gwaje, ya shiga taya mahaifinsa aiki. Cikin shekarar 1760 aka zaɓe shi wakili a majalisar masana, kuma tun daga ranar har ƙarshen rayuwarsa, watau shekara 50, da wuya a yi zama ba a gan shi ba.

Halinsa

Waɗanda suka yi zamani da shi sun haɗu a kan cewa ba su taɓa ganin mutum mai kunya da gudun jama'a kamarsa ba. Muryarsa siririya ce, yana magana yana ɗari-ɗari, in baƙo ya tunkare shi da yabo sai ya rasa inda zai sa kansa, wani lokaci ma ya sulale ya bar wurin. Bai taɓa aure ba. An ruwaito cewa ko mata masu aiki a gidansa ba ya iya fuskantarsu, sai dai ya rubuta abin da yake so a takarda ya ajiye musu a kan tebur. Tufafinsa irin na tsohon yayi ne, bai damu da sake su ba. Bai yarda ya zauna an zana shi ba, har ya zama surarsa guda ɗaya da aka sani wani mai zane ne, William Alexander, ya sace ta a wajen liyafa ba da saninsa ba.

Duk da haka kada mai karatu ya ɗauka marowaci ne ko mai ƙin mutane. Bayan rasuwar mahaifinsa cikin shekarar 1783 dukiya mai yawa ta faɗo hannunsa, har ya zama ɗaya daga cikin manyan attajiran Ingila, amma bai kashe ta ga shagali ba sai ga littattafai da kayan aiki. Ya keɓe gida guda a unguwar Bedfod cikin Landan ya cika shi da littattafai, ya buɗe wa masu bincike su zo su ara. Ya yi wa majalisar masana aiki a kwamitoci da yawa, ciki har da wanda ya zauna cikin shekarar 1772, tare da Benjamin Franklin na Amurka, don duba yadda za a kare rumbun albarushin gwamnati daga tsawa. Cikin shekarar 1773 kuma aka sa shi cikin amintattun babban gidan kayan tarihi na Ingila. Abin da ya fi ƙarfinsa shi ne gardama a bainar jama'a, da fitar da aikin da yake ganin bai gama gyaruwa ba. A wurinsa, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Wannan hali shi ya sa awonsa ya fi na kowa daidai, kuma shi ne ya hana duniya cin moriyar rabin aikinsa.

Abin da Ya Buga a Kan Iska da Ruwa

Tun cikin shekarar 1665 majalisar masana take da mujallarta, inda mai bincike yake bayyana abin da ya gano, da yadda ya yi, don wasu su gwada su gani, su gyara ko su ɗora a kai. Cavendish bai rubuta littafi ko ɗaya ba, maƙalun da ya bayar aka buga kuwa duk rayuwarsa ba su kai 20 ba. Ta farko ta fito cikin shekarar 1766. A cikinta ya nuna cewa in an zuba ruwan asid a kan tutiya ko baƙin ƙarfe ko kuza, wata iska takan fito mai kama wuta, wadda take dabam da iskar da muke shaƙa. Ya auna nauyinta ya ga iskar sarari ta fi ta nauyi kamar sau 11, awon zamanin nan kuwa ya nuna sau 14 ne. Wannan ita ce iskar da daga baya aka raɗa wa suna haidurojin. Saboda wannan maƙala aka ba shi lambar Copley, irin wadda mahaifinsa ya samu.

Cikin shekarar 1781 ya gano wani abu wanda ya fi wannan girma. Ya haɗa haidurojin da iskar oksijin cikin rufaffen gilashi, ya kunna su da tartsatsin lantarki, sai ya ga raɓa ta kwanta a jikin gilashin, da ya bincika kuma ya tarar ruwa ne tsantsa. Tun zamanin Yunanawa ana ɗauka ruwa asali ne wanda ba a haɗa shi da kome ba, ga shi kuwa an same shi daga iska biyu. Amma maimakon ya sanar nan take, sai ya tsaya bin diddigin wani ɗan tsami da yake gani cikin ruwan a wasu lokuta, bai buga ba sai cikin shekarar 1784. Kafin nan labari ya riga ya kai Faris ta bakin mataimakinsa Charles Blagden, Antoine Lavoisier ya maimaita gwajin cikin shekarar 1783, James Watt mai injin tururi shi ma ya rubuta nasa ra'ayi. Jinkirin shekara 3 ya haifar da gardamar wa ya riga wa, wadda aka yi ta ja har bayan dukansu sun mutu.

Cikin shekarar 1785 ya buga wata maƙala wadda ta nuna irin amanarsa wajen awo. Ya ɗauki iskar sarari ya yi ta ratsa ta da tartsatsin lantarki, yana tsotse abin da ya haɗu, har sai da ya rage wani ɗan ƙwayar kumfa wanda ya ƙi haɗuwa da kome. Bai san ko mene ne ba, amma bai share shi daga rahotonsa ba. Ya rubuta cewa bai wuce kashi 1 cikin 120 na iskar naiturojin da ya fara da ita ba. Sai mu riƙe wannan ɗan kumfa a zuci, domin za mu sake gamuwa da shi.

Abin da Ya Ɓoye a Kan Lantarki

A lokacin da Cavendish yake binciken lantarki ba batir, ba janareta, ba fitilar lantarki. Ana samun lantarki ne ta hanyar goga gilashi, a tara shi cikin wata kwalba da aka lulluɓe cikinta da wajenta da fallen ƙarfe, wadda ake kira kwalbar Laidin da sunan garin ƙasar Holan inda ta yi suna cikin shekarar 1746. Tun cikin shekarar 1729 wani mai suna Stephen Gray ya nuna cewa abubuwa iri biyu ne: akwai waɗanda lantarki yake bi ta cikinsu kamar ƙarfe, akwai kuma masu tare shi kamar siliki da gilashi. Iyakar abin da aka sani ke nan, ana ɗauka aikin matari bai wuce toshe hanya ba.

Daga shekarar 1771 zuwa 1781 Cavendish ya duƙufa a kan wannan fanni, amma maƙala 2 kaɗai ya buga. Ta farko, cikin 1771, lissafi ce a kan yadda lantarki yake ja da turawa. Ta biyu, cikin 1776, a kan wani kifin teku ce mai fizgar wanda ya taɓa shi, kamar yadda minjirya take yi a kogunanmu. Masana da yawa sun ƙi yarda cewa lantarki ne, tun da ba a ganin tartsatsi. Sai ya ƙera kifin ƙarya da fatar takalmi da fallayen ƙarfe, ya tsoma shi cikin ruwan gishiri, ya haɗa shi da kwalaben Laidin 49, ya gayyaci masana suka sa hannu suka ji fizga irin ta kifin. Ya bayyana cewa lantarki mai yawa amma marar ƙarfin turi yana iya girgiza mutum ba tare da ya yi tsalle cikin iska ba. A cikin wannan maƙala ya ambata a taƙaice cewa wayar baƙin ƙarfe ta fi ruwan sama saurin ɗaukar lantarki kamar sau miliyan 400, ya kuma yi alkawarin kawo cikakken bayani nan gaba kaɗan. Wannan bayani bai taɓa isa gaban majalisa ba.

To, me ke cikin takardun da ya ajiye? Da fari, ya ɗauki fallayen gilashi iri-iri, da na kakin zuma, da na ƙaro, ya manna musu ƙarfe gaba da baya, ya auna yawan lantarkin da kowanne yake riƙewa. Sai ya ga sun riƙe fiye da abin da za a samu in da iska ce kawai tsakanin ƙarafan biyu, kuma gilashi ya fi kaki riƙewa, har ma wani gilashin ya fi wani. Ma'ana, matari yana da nasa hali wanda ake iya aunawa da alƙalami, kuma wannan hali shi ke yanke yawan lantarkin da zai taru a gefensa. A kan wannan sani ne ake zaɓen abin da za a naɗe waya da shi, da man da ake zuba wa taransifoma, da 'yan ma'ajiyan lantarki da ke cikin rediyo da kwamfuta.

Na biyu, ya sa wani ƙwallo cikin wasu ƙoƙuna biyu da suka rufe shi ruf, ya haɗa su da waya, ya cika su da lantarki, sa'an nan ya zare wayar da zaren siliki ya buɗe ƙoƙunan. Da ya gwada ƙwallon ciki sai ya tarar ba kome a jikinsa, duk lantarkin ya koma waje. Da lissafi ya nuna cewa haka ba za ta yiwu ba sai in ƙarfin lantarki yana raguwa sau 4 duk sa'ad da nisa ya ninka sau 2. Wannan ita ce ƙa'idar da Charles Coulomb na Faransa ya buga cikin shekarar 1785, kuma sunansa take ɗauke da shi har yau.

Na uku, tun da ba a ƙera ma'aunin gudun lantarki ba tukuna, sai ya mai da jikinsa ma'auni. Yakan riƙe waya ya karɓi fizga, ya kwatanta zafin wannan da na waccan, ya rubuta. Ta wannan hanya mai wuya ya auna ruwan gishiri iri-iri, kuma cikin shekarar 1781 ya gano cewa yawan lantarkin da ke gudu yana tafiya daidai da ƙarfin da ke tura shi. Bayan shekara 46, watau cikin 1827, wani malamin makaranta Bajamushe, Georg Ohm, ya buga wannan ƙa'ida, ita ce kuma ɗalibanmu suke haddacewa da sunansa.

Auna Duniya da Rasuwarsa

Babban aikinsa na ƙarshe ya fito cikin shekarar 1798, yana da shekara kusan 67. Wani abokinsa limamin coci, John Michell, ya ƙera wata na'ura don auna ƙarfin jan da ke tsakanin abubuwa masu nauyi, amma ya mutu cikin shekarar 1793 bai yi aiki da ita ba. Na'urar ta zo hannun Cavendish, ya sake gina ta a gidansa na Kilafam, kudu da Landan, kuma bai manta ya ambaci mai ita cikin rahotonsa ba. Sanda ce mai tsawon ƙafa 6, an rataye ta da siririyar waya, da ƙaramin ƙwallon darma a kowane baki. In aka matso da wasu manyan ƙwallayen darma biyu, kowanne mai nauyin kilo 158, sai su ja ƙananan, sandar ta ɗan juya. Jan yana da rauni ƙwarai, har ɗumin jikin mutum yana iya motsa iskar ɗakin ya ɓata awon. Don haka ya rufe ɗakin, ya tsaya daga waje yana leƙe da madubin hangen nesa. Bayan gwaji 17 ya sanar cewa duniya ta fi ruwa mai girmanta nauyi sau 5.48. Awon zamanin nan ya ba da 5.51.

Ya rasu ran 24 ga watan Fabrairu na shekarar 1810 yana da shekara 78, aka binne shi a kushewar danginsa cikin babban cocin garin Dabi. Ya bar dukiyar da ta haura fam miliyan 1, mafi yawanta ta tafi ga wani ɗan'uwansa, George Cavendish. Tare da dukiyar aka gaji ƙunshin takardunsa, aka ajiye.

Yadda Aka Buɗe Akwatin

Duniya ba ta tsaya jiransa ba. Faraday, ɗan maƙeri wanda ya fara rayuwa yana koyon ɗinkin littattafai, ya sake gano halin masu tare lantarki cikin shekarar 1837 ba tare da ya san an riga shi ba. Shi kuwa al'adarsa ita ce in ya gama aiki ya buga, ya yi ta fitar da maƙalu ɗaya bayan ɗaya har aka tara su cikin manyan littattafai 3. Ba da daɗewa ba aka ga amfanin abin. Cikin shekarar 1851 aka shimfiɗa wayar tangarahu a ƙarƙashin teku tsakanin Ingila da Faransa, an naɗe ta da danƙon wani itace na ƙasar Malaya. Da wayoyi suka ƙara tsawo sai aka ga saƙo yana nawa, Faraday kuma ya bayyana cikin shekarar 1854 cewa wayar da danƙonta da ruwan da ke kewaye sun zama kamar wata doguwar kwalbar Laidin mai shanye lantarki kafin ta sake shi. Wayar farko da ta ƙetare tekun Atilantika cikin 1858 ta tabbatar da haka, domin gaisuwar Sarauniya Biktoriya ga shugaban Amurka, wadda ba ta kai kalma 100 ba, ta ɗauki kamar awa 16, kuma cikin 'yan makonni naɗin wayar ya lalace ta mutu. Sai cikin 1866 aka sami mai ɗorewa. Cikin duk wannan fama, injiniyoyi da Faraday suke kafa hujja, domin nasa ne ke cikin littafi.

Cikin shekarar 1874 aka buɗe sabon ɗakin gwaje-gwaje a Jami'ar Kambirij da kuɗin Basaraken Debonsha na bakwai, jikan wancan George da ya ci gado, aka kuma sa wa ɗakin sunan gidan Cavendish. Basaraken ya damƙa wa shugaban ɗakin, James Clerk Maxwell, ƙunshi 20 na takardun lantarki. Maxwell, wanda shi ne babban masanin lantarki na zamaninsa, ya kwashe shekara 5 yana kwafe su da hannunsa, yana maimaita gwaje-gwajen ɗaya bayan ɗaya, har da na karɓar fizga a jiki. Littafin ya fito cikin watan Oktoba na 1879, shi kuma ya rasu ran 5 ga Nuwamba na wannan shekara. Masana suka yi mamaki, amma ba wanda ya ƙaru da wani sabon sani, domin duk an riga an sake gano shi. Sa'ad da aka yi babban taron masana lantarki a Faris cikin shekarar 1881 aka tsai da sunayen ma'aunai, an girmama Ohm da Coulomb da Faraday da Volta da Ampere. Ba a sa sunan Cavendish ga ko ɗaya ba. Ma'aunin da ake kira henri ma na wani Ba'amurke ne, Joseph Henry.

Mu koma ga ɗan kumfan nan na shekarar 1785. Cikin 1892 Lord Rayleigh, wanda ya gaji kujerar Maxwell a Kambirij, ya lura cewa naiturojin da aka tace daga iskar sarari ya fi wanda aka haɗa a ɗakin gwaji nauyi kaɗan. Cikin neman dalili aka koma ga tsohuwar maƙalar Cavendish, aka maimaita gwajinsa, kuma cikin 1894 Rayleigh da William Ramsay suka sanar da gano sabuwar iska, agon, wadda ta kusa kashi 1 cikin 100 na iskar da muke shaƙa. Dukansu biyu sun sami kyautar Nobel cikin shekarar 1904. 'Yan layuka da aka buga sun yi aiki bayan shekara 109, alhali ƙunshi 20 da aka ɓoye ba su taimaki kowa ba.

Abin Lura ga Masu Bincike

Fannin rigakafin cututtuka ya ba da irin wannan misali a daidai zamanin. Cikin shekarar 1774 wani manomi a lardin Doset na Ingila, Benjamin Jesty, ya ɗebi ruwan ƙurjin shanu ya tsaga wa matarsa da 'ya'yansa biyu don ya kare su daga agana, suka kuwa tsira, amma abin bai wuce ƙauyukan yankinsa ba. Bayan shekara 22, cikin 1796, likita Edward Jenner ya yi irin wannan gwaji, ya tara shaidu, da majalisar masana ta ƙi karɓar rahotonsa sai ya buga shi da kuɗinsa cikin 1798, shekarar da Cavendish ya auna duniya. Cikin 'yan shekaru aka juya littafin zuwa harsuna da dama, lambar agana ta bazu ƙasa-ƙasa, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar cikin shekarar 1980 cewa an kau da cutar daga doron ƙasa. Jesty ya riga yi, Jenner ya riga bugawa, kuma ta hannun na biyun ne rayuka suka tsira.

A yau jami'o'i suna auna mai bincike da yawan maƙalunsa da yawan waɗanda suka ambace su cikin nasu rubutun. Eugene Garfield na Amurka ne ya fara fitar da kundin ƙidayar irin wannan ambato cikin shekarar 1964, kuma cikin 2005 Jorge Hirsch ya kawo wani lissafi mai haɗa yawan maƙalu da yawan ambato cikin alƙalami guda. Tarihin Cavendish yana gargaɗi ta fuska biyu. Ga mai gaggawar tara maƙalu don neman ƙarin girma, ya nuna cewa maƙalu ƙasa da 20 da aka yi da gaskiya da awo mai kyau sun isa su tsai da sunan mutum shekara 200, kuma ƙidayar 'yan shekaru ba ta iya hango maƙalar da sai bayan ƙarni za a bukace ta. Ga mai jinkiri kuwa, wanda yake jiran ranar da aikinsa zai kuɓuta daga kowane aibi, ya nuna cewa ba a ambaton abin da ba a gani ba, ba a kuma ɗora gini a kansa.

Wannan magana ba ta masana kimiyya kaɗai ba ce. Kundin digirin da aka ɗaure aka jingine a kanta ya sha ƙura, da rahoton rangadin da aka sa cikin fayil aka kulle a durowa, da ƙididdigar da jami'i ya tara ya riƙe a aljihunsa har ya yi ritaya, duk 'yan'uwan takardun Cavendish ne, kuma wanda zai zo baya sai ya sake kashe kuɗi da shekaru kafin ya kai inda aka riga aka kai. Cavendish ya yi sa'a gidansu mai adana takarda ne, ya kuma yi sa'ar samun mutum kamar Maxwell da ya ba da shekarunsa na ƙarshe ga aikin wani. Ba kowane mai bincike ne yake samun haka ba. Saboda haka wanda Allah ya ba wani sani, ya auna shi da kyau kamar yadda Cavendish ya yi, sa'an nan ya fito da shi fili tun yana da rai, ya bar 'yan'uwansa su gwada, su gyara, su ƙara.